Ayu: An San Mansa, Ba A San Shi Ba

Da wuya a zaga babbar kasuwa a Arewa, ko ta Kafanchan ko ta Kano, a rasa mai tallar man ayu a 'yan kwalabe. Amma a cikin masu saye, kaɗan ne suka taɓa ganin ayu da idonsu.

Shi dai ayu ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayar da ɗanta nono, wadda ke zaune cikin ruwa tana cin ciyawa, sai lokaci lokaci ta leƙo da hanci ta shaƙi iska. Babba yakan kai ƙafa 10 a tsawo. A Nijeriya ana samunsa a Kogin Kwara da na Binuwai, har da Tafkin Pandam na Jihar Filato.

Abin mamaki, ruwan gishiri ma bai hana shi zama ba. A gaɓar ƙasar Gini Bisau, cikin Tekun Atlantika, akwai wasu tsibirai 88 da ake kira Bijagos, waɗanda wajen 20 ne kawai ke da mazauna na dindindin. A can ayu ke kiwo a bakin teku, dorinar tsibirin Orango kuwa takan shiga ruwan gishiri, kunkurun teku kuma dubbai suke hawa tsibirin Poilao su binne ƙwansu a rairayi. Mutanen wurin sun keɓe wasu tsibirai don al'adunsu, ba a kafa gari a cikinsu, wannan kuwa ya ba dabbobin mafaka tun kafin zuwan wata doka. A 2025 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gadon duniya.

A Nijeriya doka ce ke tsaron ayu, watau Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985, wadda ta hana kashe shi da sayar da shi. Sai dai doka ba ta bin masunci cikin dare, ga kuma madatsun ruwa irin na Kainji da suka datse masa hanya.

Babbar matsalar ita ce haihuwarsa. Macen takan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa guda tak, sa'an nan ta yi shekaru kafin ta sāke. Idan aka soke uwa mai goyo saboda mai da nama, ɗan ma ba ya rayuwa.