Targaɗe bai kashe mana buri ba

Mu huɗu ne muke gudun asuba a burtalin gonakin Ɗambatta duk lokacin hutu. Wata safiya ɗayanmu ya taka kunyar gero, idon sawunsa ya gurɗe. Kwana uku kacal ya huta ya dawo fili, sai ƙafar ta ƙara kumbura. A Asibitin Ƙashi na Dala aka ce targaɗe ne, ya huta mako shida.

Yanzu tafiya kawai yake yi, muna rage sauri muna jiransa. Burinmu shi ne tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo.

Ƙannenmu, in kun gurɗe, ku ɗaga ƙafar, ku ɗora ƙanƙara, ku je asibiti. Kada kunyar abokai ta mayar da ku fili kafin ku warke.