Ciwon suga: Abubuwan da ya kamata ka sani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani. Da yawa ma ba su san suna da shi ba, domin ciwo ne da ke iya shekaru yana ɓarna a jiki mai shi yana ta harkokinsa.

Me ke faruwa a jiki?

Tuwo, shinkafa, doya, burodi, duk jiki yana narkar da su su zama suga a cikin jini. Sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi ke fitarwa, shi ke shigar da sugan cikin tsoka ya zama ƙarfi. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, jiki ne ke daina yin insulin, don haka allurarsa ta zama tilas har ƙarshen rayuwa. A nau'i na biyu, wanda ke damun fiye da tara cikin kowane goma na masu ciwon, insulin ɗin yana nan amma jiki ba ya jin sa. Gado, ƙiba, musamman teɓa, da yawan zama su ne kan gaba wajen jawo shi. Akwai kuma wanda ke zuwa wa mace mai juna biyu.

Alamomi da gwaji

Yawan fitsari da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama duk da ana ci, kasala, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, da zafi ko mutuwar tafin ƙafa. Mutane kan jira sai sun ga kiyashi sun yanyame wurin fitsari. Wannan jira ganganci ne, domin suga ba ya fitowa a fitsari sai ya haura kimanin 180 a jini.

Gwajin ɗigon jini ne ke raba gardama. Da safe kafin a ci komai, ƙasa da 100 lafiya lau. 100 zuwa 125 gargaɗi ne. 126 ko fiye, idan an maimaita ya tabbata, ciwon suga ne. Mai lambar gargaɗi yana da sauran dama: tafiyar sauri ta minti 30 kwana biyar a mako, da rage ƙiba ko kaɗan ce, suna hana ciwon zuwa ko su jinkirta shi.

Batun abinci

A nan ruɗani ya fi yawa. Sai ka ga an hana dattijo shinkafa, an cika masa kwano da acha ko tuwon alkama, alhali duk hatsi ne, kuma duk suga suke komawa. Girman malmalar shi ne abin lura. A rage tuwo, a yawaita miyar ganye, zogale, rama, wake da kifi. Abin da ya fi saurin tayar da suga kuwa shi ne na sha: lemon kwalba, zoɓo, kunu da fura da aka zabga wa suga. Zuma ma, duk da darajarta a wurinmu, tana tayar da shi.

Magani, ƙafa da azumi

Mafi yawan masu nau'i na biyu da ƙwayar metformin ake fara musu. Maganin yana riƙe ciwon ne, ba ya kawar da shi, saboda haka duk mai lasifika a kasuwa da ya yi maka alkawarin warkewa cikin mako biyu, kuɗinka yake so. Wanda ya ajiye magani don ya ji sauƙi, idonsa da ƙodarsa da zuciyarsa ne za su biya.

Ƙafa tana bukatar kulawa ta musamman, tun da jijiyoyinta na iya mutuwa har mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Kada a yi tafiya ba takalmi, a riƙa duba tafin ƙafa kullum, a kuma tsane tsakanin yatsu bayan alwala.

Suga yana kuma faɗuwa, musamman ga mai allura ko wanda ya sha magani bai ci abinci ba. Karkarwa, gumi, jiri da ruɗewa su ne alamunsa, a nan kuwa suga ko lemo shi ne taimakon gaggawa. Mai niyyar azumin Ramadan ya ga likita makonni kafin wata ya kama, ya kuma karya azumi idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Idan ka kai shekara 35, ko akwai mai ciwon a gidanku, ko kina da juna biyu, a je asibiti a gwada, ko da ba a jin ciwon komai.