Kuɗin Kafa Kamfani da Kuɗin Riƙe Shi

Tun daga shekarar 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta sanar da cewa za ta yi wa ƙananan sana'o'i 250,000 rajistar suna kyauta domin rage raɗaɗin annobar korona, wata magana ta kama bakin jama'a a garuruwan kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, wai duk wanda ya mallaki satifiket ɗin kamfani ya kama hanyar samun tallafi da rance da kwangila, kuma wai kuɗin da ya biya a shagon intanet ranar rajista su ne na farko, su ne na ƙarshe. Wa'adin da aka ɗibar wa masu sana'ar POS a 2024 na su yi rajista ya ƙara wa maganar ƙarfi, har ta kai ga mai casar shinkafa da mai sayar da taki da mai awon masara suna karɓar takarda mai ɗauke da kalmar “Limited” a ƙarshen suna, su rataye ta a shago, ba tare da wanda ya cika musu fom ya gaya musu irin nauyin da suka ɗauko ba. Rajistar da gwamnati ta yi kyauta ta suna ce kawai, kuma tsakaninta da rajistar kamfani akwai tazara mai yawa a wajen doka da wajen aljihu.

Kamfani mai iyakantaccen alhaki shi ne wanda doka ta ɗauka a matsayin mutum mai zaman kansa, dabam da waɗanda suka kafa shi, yana mallakar dukiya da sunansa, yana cin bashi, yana kai ƙara ana kuma kai shi, kuma idan ya karye ba a bin masu hannun jari sai iya abin da ba su biya ba na kuɗin hannayen jarin da suka ɗauka. Shari'ar Salomon da aka yanke a Ingila a 1896 ita ce ta kafa wannan ƙa'ida daram, Najeriya kuma ta gaji tsarin tun daga dokar kamfanoni ta 1912. Dokar da ke aiki yanzu, wadda aka sani da CAMA, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, kuma ita ce ta halatta wa mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai a gaban Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Rajistar suna kuwa ba ta haifar da wani sabon mutum, domin mai sana'a da sana'arsa abu ɗaya ne, riba tasa ce, bashi ma nasa ne.

Kuɗin kafawa ba su da yawa, kuma wannan arahar ita ce take ruɗin mutane. Kafin hukumar ta sake duba farashinta a 2025, kama suna naira 500 ne, rajistar kamfanin da jarinsa bai wuce naira miliyan 1 ba kuma naira 10,000 ce, sai harajin kan sarki da ake biya wa hukumar haraji ta tarayya, wanda aka daɗe ana lissafa shi a kan kashi 0.75 cikin 100 na jarin da aka rubuta. Abin da ya ƙaru a kan wannan ladan ejan ne ko na lauya, wanda sau da yawa ya fi kuɗin gwamnatin, kuma babu laifi a biyansa muddin an bambance wa mai biya wanne ne na hukuma wanne ne na aiki. Inda ɓarna take shi ne wajen rubuta jari. Doka ta ce mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, amma akan zuga mutum ya rubuta miliyan 10 don kamfaninsa ya yi kwarjini, sai harajin kan sarki ya tashi daga naira 750 zuwa naira 75,000, kuɗin rajista ma ya hau. Wanda ya fi wannan muni shi ne, hannayen jarin da mutum ya ɗauka bai zuba kuɗinsu ba bashi ne a kansa, saboda haka wanda ya rubuta miliyan 10 alhali bai zuba ko sisi ba, ya ɗaga iyakar abin da za a iya binsa ranar karyewa zuwa miliyan 10 da hannunsa.

Babban kuskuren da ya fi cutar da jama'a shi ne zaton cewa kamfanin da bai yi ciniki ba babu abin da ake binsa. Ana jin wannan a bakin mutanen da suka yi rajista suna jiran tallafin da bai zo ba, suka jefa satifiket a akwati, suna ganin tun da ba a buɗe asusun banki ba, ba a sayar da ko buhu ɗaya ba, to magana ta mutu. Doka ba ta san da haka ba. Kamfani kamar doki yake, ko an hau shi ko yana ɗaure a turke sai an yanko masa ciyawa, kuma ciyawar tasa takardu ce da ake kai wa hukumomi biyu dabam, kowace da lokacinta da tararta, kuma kai wa ɗaya ba ya sauke haƙƙin ɗayar.

Ta farko ita ce CAC, wadda take jiran rahoton shekara daga kowane kamfani, wato takardar da ke nuna adireshinsa da daraktocinsa da masu hannun jarinsa da halin da dukiyarsa take ciki. Kuɗin shigar da rahoton 'yan dubbai ne ga ƙaramin kamfani, amma idan aka makara tara takan hau, kuma doka ta ɗora ta a kan kamfanin da kuma kowane darakta, tana taruwa shekara bayan shekara. Kamfanin da ya daina kai rahoto, shafin binciken hukumar zai nuna shi a matsayin wanda ba ya aiki, kuma wannan shafi shi ne banki da ma'aikatar gwamnati da babban mai sayen kaya suke fara dubawa kafin su yi hulɗa da kowa. Ma'ana, ranar da damar da aka yi rajistar dominta ta zo, ranar ce za a tarar ƙofa a rufe, sai an biya duk bashin shekarun baya da tararsu kafin a buɗe. Idan shiru ya kai shekara 10 a jere, doka ta ba hukumar ikon soke sunan daga rajista, kuma ba barazana ba ce ta fatar baki, domin a ƙarshen 2023 hukumar ta fitar da jerin kamfanoni fiye da 90,000 da ta ce za ta soke.

Ta biyu ita ce hukumar haraji ta tarayya, wadda aka sani da FIRS kafin sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025 su sauya mata suna zuwa NRS. A nan ne ruɗanin ya fi tsanani, saboda akwai gaskiya a cikinsa. Tun daga Dokar Kuɗi ta 2019, kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba an yafe masa harajin riba, sababbin dokokin ma sun ɗaga wannan iyaka. Sai dai abin da aka yafe biya ne, ba a yafe shigar da bayani ba, kuma hukuma ba ta da hanyar sanin cewa kamfani ƙarami ne ko bai yi ciniki ba sai ta bayanin da ya shigar cikin wata 6 bayan rufe shekarar lissafinsa. A ƙarƙashin tsohon tsari tarar makara naira 25,000 ce a watan farko da naira 5,000 a kowane wata bayansa, wato naira 80,000 a shekara ɗaya. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026 ta mayar da ita naira 100,000 a watan farko da naira 50,000 a kowane wata bayansa, wanda ke nufin naira 650,000 a shekara a kan kamfanin da wataƙila bai taɓa samun ribar ƙwandala ba. Duk ejan da ya karɓi ladan rajista daga hannun manomi ko ƙaramin ɗan kasuwa bai ambata masa wannan ba, ya ci amanarsa, ko da takardar da ya miƙa masa ta gaskiya ce.

Akwai sauran ɗawainiya da take zuwa da girman kamfani, kamar ladan akanta, harajin albashin ma'aikata da ake kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano, kuɗin fansho, da takardun shaida da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 take nema ga mai son kwangila.

Shi ma iyakantaccen alhakin da ake taƙama da shi yana da nasa iyakokin. Banki ba kasafai yake ba ƙaramin kamfani rance ba sai darakta ya sa hannu ya tsaya wa bashin da kansa ko ya jinginar da gida ko gona, kuma da zarar ya yi haka kariyar ta tashi. Wanda kuma ya tafiyar da kamfani da niyyar damfarar masu bin bashi, kotu tana iya ɗora masa bashin kacokan. Masu kafa hujja da manyan gidajen kasuwanci na Kano wajen cewa kamfani ne yake kawo arziki sukan manta da jerin yadda abin ya faru. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya tara dukiyarsa ne ta fataucin goro da sayen gyaɗa, da amana da wakilai da tsantsar lissafi, kuma kamfanonin da ke ɗauke da sunan gidan sun zo ne don su tsare kasuwancin da ya riga ya kafu.

Abin da ya kamata mai niyya ya fara yi shi ne ya tambayi kansa wace ƙofa ce take rufe wadda kamfani kaɗai zai buɗe. Mai shago a Kwanar Dangora, ko mai sayen masara a Doguwa yana kai wa kasuwar Dawanau, idan bukatarsa ita ce asusun banki da sunan sana'a da rasiɗi mai tambari, rajistar suna ta wadatar da shi, rahotonta na shekara ana shigar da shi ne kafin ƙarshen watan Yuni, harajinsa kuma na jiha ne a matsayinsa na mutum. Manoman rani na bakin madatsar ruwa ta Tiga da masu casar shinkafa na Tudun Wada da suke son haɗa ƙarfi su sayi taki ko inji, ƙungiyar gama kai ta fi dacewa da su, domin mutum 10 sun isa kafa ta, ana yi mata rajista a ofishin jiha, kuma ita ma doka ta ba ta matsayin mutum mai zaman kansa. Haka masu haƙar kuza a Riruwai, dokar ma'adinai ta 2007 ta yarda a ba mutum ɗaya ko ƙungiyar gama kai lasisin ƙaramin haƙa, babban lasisi ne yake bukatar kamfani. Wanda kamfani ya zame wa dole shi ne mai shirin kafa injin niƙa da abokan tarayya, ko mai neman babbar kwangila, ko mai son kasuwancin ya ci gaba bayan rasuwarsa ta yadda magada za su raba hannayen jari maimakon su sayar da inji su raba kuɗi.

Idan an yanke shawarar kafawa, a rubuta jarin da za a iya zubawa da gaske, sai fa idan sana'ar tana cikin waɗanda wata hukuma ta ƙayyade musu jari na musamman. A tabbata lambar waya da adireshin imel da aka shigar a shafin hukumar na mai kamfanin ne, a kuma karɓi kalmar sirri a hannu tun ranar farko, domin wanda ya bar su a wajen mai shagon intanet ya bar mabuɗin kamfaninsa a wajen wanda zai iya tashi daga garin gobe. A daina cusa sunan mata ko ƙane ko ɗa a matsayin darakta ba da saninsu ba don kawai a cika layi, tun da dokar 2020 ta kawar da wannan larura, kuma wanda bai kai shekara 18 ba bai cancanci zama darakta ba, sannan duk wanda sunansa ya shiga yana cikin waɗanda tara za ta hau. A buɗe wa kamfani asusunsa, a raba kuɗinsa da kuɗin cefane, a riƙe littafin shige da fice ko da na hannu ne, domin sauƙin da doka ta yi wa ƙaramin kamfani, wato wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 ba kuma dukiyarsa ba ta wuce miliyan 60 ba, na barin naɗa sakatare da mai binciken kuɗi da kiran babban taron shekara, bai haɗa da barin ajiye lissafi ba. A ware kuɗin rahoton shekara da ladan akanta tun lokacin kaka, lokacin da hannu yake da danshi, a kuma nemi rasiɗin hukuma na duk abin da aka biya, kada a tsaya ga kalmar ejan cewa an gama.

Wanda ya riga ya yi rajista ya ajiye satifiket, ya kamata ya sa a duba masa matsayin kamfanin a shafin CAC da kuma wajen hukumar haraji, ya san abin da ya taru, sannan ya zaɓi ko dai ya biya ya farfaɗo da shi ko ya nemi a rufe shi bisa ƙa'ida. Rufewar ma tana da kuɗinta, kuma hukumar takan nemi a cike gurbin rahotannin da aka tsallake kafin ta amince. Jiran hukumar ta soke sunan da kanta ba mafita ba ne, domin doka ta ce alhakin daraktoci da masu hannun jari yana nan bayan sokewa kamar ba a soke ba, kuma wanda daga baya ya so a maido da sunan, hanyarsa ita ce Babbar Kotun Tarayya, da lauya da kuɗin shigar da ƙara.