Jan Launin Jatan Lande: Rini Ne Ko Abinci?

Ana yawan jin cewa jatan landen da ake kiwo a gonakin ruwa na Asiya da Kudancin Amurka fari ne fat, sai an zo kwasa a tsoma shi cikin rini ko a yi masa allurar fenti don ya yi ja. Wasu har suna rantsuwa cewa sinadarin yana makantar da mutum. A ɗaya gefen kuma ga masu tallan ƙwayoyin ƙarin lafiya, suna cewa jan launin nan maganin kusan kowace cuta ne. Kowannensu ya tsinci ɗan guntun gaskiya ya lulluɓe shi da ƙarya, kuma abin yana damuna, domin tsoron banza yana ɗauke hankalin mai saye daga inda haɗarin yake.

Batun rini dai ƙarya ne. Jatan lande mai rai, na teku ne ko na gona, yawanci launin toka ne ko mai duhu-duhu. Jan yana jikinsa tun farko, sai dai a ɓoye. Sinadarin da ke ba da shi sunansa astazantin, ɗan gidan karotinoyid, dangin abin da ke sa karas da manja su yi ja. Masanin sinadarai Richard Kuhn ne ya fara tantance shi a shekarar 1938 daga jikin lobsta. A cikin ɓawon dabbar, wani furotin yana riƙe da astazantin gam, kuma muddin suna haɗe launin da ido ke gani shuɗi ne ko toka-toka. Da zarar zafi ya taɓa shi sai furotin ɗin ya warware, ya saki sinadarin, jan ya fito fili. Shi ya sa yake rikiɗa a tukunya cikin 'yan mintoci. Busasshen kirafish da ake kawowa kasuwanninmu daga Oron ta jihar Akwa Ibom, wanda daga ruwa ake kamo shi ba kiwo ba, da wannan sinadarin ya samu launinsa bayan ya sha wuta da hayaƙi.

Gaskiya ne kuwa ana zuba astazantin a abincin jatan landen kiwo, kuma ga dalili. Jikinsa ba ya iya ƙirƙirar karotinoyid da kansa, dole sai ya ci. A teku yana samunsa daga gansakuka da ƙananan halittun da suka ci gansakukar. A tsohon salon kiwo ma, inda ake zuba 'yan kaɗan a makeken tafki mai laka, yana kiwata da kansa ya samu abin da ya ishe shi. Amma gonakin zamani na Indiya da Biyetnam da Tailan suna tara dabbobi masu ɗimbin yawa a tafkin da aka shimfiɗe da leda, abincin da ruwa ke fitarwa ba ya kai musu ko'ina. Idan abincin buhu bai ƙunshi sinadarin ba, jatan lande mai zanen damisa yakan koɗe ya koma shuɗi-shuɗi, in an dafa shi ya fito fari-fari, masu saye su karya masa farashi. Duk mai kiwon kaji ya san irin wannan: gwaiduwar ƙwan kazar da ta ci jar masara da ganye ba ɗaya take da ta wadda ta ci farar masara ba, kuma babu mai cewa an yi wa ƙwan fenti.

Abin da ake zubawa bai taka kara ya karya ba. Yawanci miligiram 50 zuwa 100 ne a kowane kilo na abinci, sau da yawa a makonnin ƙarshe kafin kwasa. Wani ana samo shi daga gansakukar Haematococcus pluvialis, wani daga wani nau'in yis mai ja, amma mafi yawa haɗin masana'anta ne, irin Carophyll Pink da Lucantin Pink. Jatan lande yana ma da wata baiwa da kifin salmon ba shi da ita: in ya ci bita-karotin, jikinsa yana juya shi ya koma astazantin.

Masu cewa kwalliya ce kawai don jan hankalin mai saye sun faɗi rabi. Kasuwa tana da hannu, babu musu. A Ostireliya har katin auna launi ake da shi, kuma mai ja sosai ya fi tsada. Sai dai dabbar tana amfana da sinadarin tun kafin wani ya gan ta a faranti. Yana kare ƙwayoyin jikinta daga lalacewa, kuma gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa wanda ya ƙoshi da shi ya fi jure ƙarancin iska a ruwa da sauyin gishiri. Uwa tana tara shi a cikin ƙwanta, don haka masu wuraren ƙyanƙyasa ba sa wasa da shi a abincin iyaye. Jurewa kuwa daban take da warkewa. Astazantin ba ya kashe ƙwayar cutar farin tabo wadda ta ɓulla a Asiya farkon shekarun 1990, bai kuma hana annobar mutuwar wuri da ta durƙusar da gonakin Tailan wajen 2012 zuwa 2013 ba.

Maganar makanta tana da asali, amma an ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Wani ɗan uwan astazantin ne, kantazantin, aka gano yana taruwa a cikin idon mutanen da suka riƙa shan ƙwayoyinsa da yawa don fatarsu ta yi duhu. Saboda haka a 2003 Tarayyar Turai ta rage adadin da aka yarda a zuba a abincin salmon daga miligiram 80 zuwa 25 a kilo. Wannan hukunci kan kantazantin ne. Astazantin kuwa hukumomin Turai da Amurka sun amince da shi a abincin kifi, da iyakar da suka ƙayyade. Kuma kaso mai yawa na launin yana cikin ɓawo da kai, waɗanda akan ɓare a zubar. Wannan dalilin ne ma ya rushe zancen masu tallan magani: abin da ke isa cikin mai ci kaɗan ne, kuma jikin ɗan Adam ba ya mayar da astazantin bitamin A yadda yake yi da karas.

Akwai wani kuskure da ya fi waɗannan cutarwa, wato ɗaukar ja a matsayin shaidar lafiya. Launi yana bin iri. Fararen jatan lande da Ekwado ke fitarwa sun fi masu zanen damisa haske ko da an ciyar da su daidai. Yana kuma bin muhalli, domin in aka ajiye dabbar a baƙin tanki takan yi duhu cikin ƙanƙanin lokaci ba tare da an ƙara mata komai ba. Mafi muni, ɗanyen jatan lande da ya yi jajir yana iya zama mara lafiya, tunda cutar farin tabo da cutar Taura duk suna jawo haka, ko kuma ya sha zafi a hanya bayan ƙanƙara ta narke.

Maguɗi na gaske yana nan, kuma ba ruwansa da launi. A Biyetnam da Sin an sha kama masu ɗura wa jatan lande wani abu mai danƙo da sirinji don ya ƙara nauyi a kan sikeli. A 2002 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da jatan lande daga Sin saboda ragowar maganin kuloramfenikol a namansa. Ragowar magani sai ɗakin gwaji ke iya gano ta, aikin hukuma ne. Sauran kuwa mai saye yana iya dubawa da kansa: ya tsaga tsakanin kai da jiki ya ga ko akwai danƙon da bai dace ba, ya matsa naman ya ji ko ya saki, ya kuma sansana. In ya ji zarni, ya ajiye shi komai kyan launinsa.