Kiwon Karsana da Jaririn Maraƙi Lokacin Hunturu

Da zarar an gama kawar da amfanin gona, garkunan Fulani sukan sauko gonaki da fadamun da ke gefen kogin Wudil don cin kara da harawa. Wannan kuwa ya dace da shigowar hunturu, watau daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska mai sanyi ke kaɗowa daga arewa maso gabas. Saniyar da ta saba haihuwa ba ta cika ba da wahala ba. Karsana mai haihuwar fari ita ce abin kula, domin ba ta san maraƙi ba, ga ta kuma ba ta gama cika jiki ba. Ana so hakimai da malamansu su bayyana wa dagatai da arɗo-arɗo abin da ke cikin wannan takarda.

Saniya takan ɗauki ciki kamar wata 9 da 'yan kwanaki. In hantsar karsana ta cika, sai a ware ta kusa da gida, a kafa mata zana ta gefen da iska ke fitowa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. A ƙara mata dusa, ko angurya, ko 'ya'yan gawo, da ɗan kanwa. In naƙuda ta kai awa 2 bayan fashewar faya, maraƙi bai fito ba, a nemi malamin dabbobi. Kada a taru a ja da igiya da ƙarfin tsiya, sau da yawa ta haka ne akan rasa uwa da ɗa gaba ɗaya.

Maraƙi yakan faɗo jiƙe sharkaf, kuma jiƙar nan ce ke kashe shi, ba sanyin kaɗai ba. Tsohuwar saniya nan take take lashe ɗanta ya bushe. Karsana kuwa takan tsorata ta ja da baya, wani lokaci har ta harbe shi. To, sai a share masa hanci da baki, a goge jikinsa sosai da buhu, a shafa aidin a cibiya, kana a barbaɗa masa ɗan gishiri ko dusa a baya don uwar ta lasa. In ta ƙi tsayawa, a ɗaure ƙafafunta na baya kamar yadda akan yi wajen tatsa, a kai bakinsa ga nono.

Babban al'amari duka shi ne daƙashi, watau nonon farko mai kauri, rawaya-rawaya. A cikinsa ne maraƙi ke samun kariya daga zawo da ciwon huhu, domin ba a haifarsa da ita. Hanjinsa yana karɓar wannan kariya sosai cikin awa 6 na farko, bayan yini da kwana kuwa ƙofa ta rufe. Maraƙin Bunaji mai nauyin kilo 20 yana bukatar kamar lita 2 da wuri. Wanda ya zubar da daƙashi wai don ƙazanta ne, maganin da ba a sayarwa ko a kasuwar Wudil ta ran Juma'a ya zubar.

In an tarar da maraƙi kwance da asuba, a sa yatsa a bakinsa. In baki ya yi sanyi, bai kuwa tsotsa ba, a kai shi ɗaki kusa da wuta, a lulluɓe shi, sai ya farfaɗo a ba shi nono mai ɗumi kaɗan-kaɗan. Kada a ɗura masa yana kwance, nonon zai bi ta huhu.

Nonon karsana ba shi da yawa, balle da rani. Ya kamata matan ruga su haƙura da tatsarta sati biyun farko, a bar wa maraƙi, a kuma riƙa ɗaure shi a dangwali bayan zana har rana ta ɗaga.