Dokar rigakafi a inshorar lafiya ta Amurka: gaskiya da ƙarya a cikin jita-jitar da ake yaɗawa

Tun daga ranar 23 ga Maris, 2010, da Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar lafiyar da jama'a suka laƙaba wa suna Obamacare, maganganu ba su daina yawo a kanta ba. Ɗaya daga cikin sassan da aka fi yi wa ƙari da ragi shi ne wanda ya wajabta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin rigakafi. Wasu sun ce shi ya durƙusar da kasuwar inshora, wasu kuma sun ce shi ya sa mutane suka yi tururuwar saye. Duka ɓangarorin biyu sun ɗora wa wannan sashe nauyin da ba nasa ba. Ga mai zama a Amurka, ko mai ɗan'uwa a can, wannan ruɗani yana da illa, domin mutumin da bai san haƙƙinsa ba yakan fasa zuwa gwajin da zai ceci ransa.

Abin da dokar ta ce

Sashen ya fara aiki a kan tsare-tsaren inshora da aka sabunta daga 23 ga Satumba, 2010. Ya ce dole kamfani ya biya kuɗin wasu ayyukan rigakafi gaba ɗaya, ba tare da mai inshora ya cika ko sisi daga aljihunsa ba. Hukumomi uku ne ke fayyace waɗannan ayyuka: kwamitin ƙwararrun likitoci da ke tantance gwaje-gwajen gano cuta da wuri, kwamitin da ke ba da shawara kan alluran rigakafi, da kuma wata hukuma a ma'aikatar lafiya da ke kula da jagororin lafiyar mata da yara. A cikin jerin akwai auna hawan jini, gwajin sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta hanji, taimakon daina shan taba, da alluran yara. Daga Agusta 2012 aka ƙara hanyoyin tazarar haihuwa ga mata. Ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutane sama da miliyan 150 masu inshorar kamfanoni masu zaman kansu ne wannan kariya ta shafa.

Magana ta farko: "Duk abin da likita ya yi maka kyauta ne." Ƙarya ne.

Nan ne mutane suka fi shan mamaki idan takardar biyan kuɗi ta iso gida. Dokar ta rufe gwajin da ake yi wa mai lafiya domin a gano cuta kafin ta bayyana. Ba ta rufe binciken da ake yi wa wanda ya riga ya zo da ciwo ba. Matar da ta je hoton mama saboda shekarunta sun kai, ba za ta biya ba. Wadda ta je saboda ta ji wani ƙulli a jikinta, ana iya lissafa nata a matsayin binciken cuta, kuma ana iya cajinta. Haka kuma maganin cutar da aka gano yana bin ƙa'idar biyan kuɗi ta yau da kullum. Sannan dole ne likitan ya kasance cikin jerin waɗanda kamfanin ke hulɗa da su.

Akwai wuraren da gwamnati ta toshe ɓaraka. Idan ana duba hanji domin rigakafi aka ga tsiro aka cire shi nan take, cirewar tana cikin abin da ba a caji a kai a inshorar kamfanoni. A 2021 kuma kwamitin ƙwararru ya sauko da shekarun fara gwajin sankarar hanji daga 50 zuwa 45, wanda ya shigar da miliyoyin mutane cikin kariyar.

Magana ta biyu: "Kowace inshora ta ƙunshi wannan." Rabin gaskiya.

Tsare-tsaren da suke nan tun kafin 23 ga Maris, 2010, waɗanda ba a yi musu babban canji ba, an bar su a kan tsohuwar ƙa'idarsu. Inshorar gajeren zango, wadda ake tallatawa da araha, ita ma dokar ba ta hau kanta ba. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Hobby Lobby cewa kamfanin da iyali ko mutane kaɗan suka mallaka yana iya ƙin biyan kuɗin tazarar haihuwa bisa dalilin addini. Saboda haka wanda dillali ya kawo wa inshora mai sauƙin kuɗi sosai, tambayarsa ta farko ita ce ko tsarin yana bin wannan doka.

Magana ta uku: "Rigakafi ne ya sa kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo." Ƙarya ne.

Gaskiya ne cewa babu abin da ke zuwa ba biya. Kuɗin gwajin da ba a karɓa a asibiti ba, an riga an raba shi a cikin kuɗin da kowa ke zubawa duk wata. Amma rabon ƙarami ne. Lokacin da gwamnati ta fitar da ƙa'idar a 2010, ta ƙiyasta ƙarin da bai wuce kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ba, domin yawancin inshorar ma'aikata ta riga tana biyan wani ɓangare na waɗannan ayyuka. Abin da ke cinye dukiyar kamfanonin inshora shi ne kwanciya a asibiti, tiyata, magunguna masu tsada da jinyar cututtuka masu daɗewa. Babban tashin farashin da aka gani a kasuwar masu saya da kansu a 2017 ya samo asali ne daga wani wuri: dokar ta hana kamfanoni korar masu tsohuwar cuta ko tsauwala musu kuɗi, waɗanda suka shigo kuma sun fi rashin lafiya fiye da yadda kamfanonin suka lissafa.

Magana ta huɗu: "Saboda shi kamfanoni suka daina sayar da inshora." Ƙarya ne, amma an gina ta a kan abubuwan da suka faru.

A Satumba 2010 wasu kamfanoni sun daina sayar da inshorar yara zalla. Dalilinsu shi ne hanin da aka yi na ƙin karɓar yara masu ciwo, wanda ya fara aiki rana ɗaya da sashen rigakafi, shi ya sa mutane ke haɗa su. A ƙarshen 2013 miliyoyin mutane sun sami takardar soke inshorarsu, domin tsare-tsarensu ba su cika sabbin sharuɗɗan 2014 ba, waɗanda suka haɗa da haihuwa, lafiyar ƙwaƙwalwa da magunguna. Sannan a 2016 da 2017 manyan kamfanoni irin su UnitedHealth, Aetna da Humana sun janye daga yawancin kasuwannin da dokar ta kafa, suna kukan asarar da jinyar marasa lafiya ta jawo musu. Dillalai ma sun ga ladansu ya ragu, amma wannan ya biyo bayan wani sashe dabam da ya tilasta wa kamfani kashe kashi 80 ko 85 cikin ɗari na kuɗin da ya karɓa a kan jinya da inganta ta.

Magana ta biyar: "Rigakafi ne ya sa ciniki ya bunƙasa." Ita ma ba ta tsaya ba.

Ciniki ya ƙaru ƙwarai. Kusan mutum miliyan 8 suka yi rajista a kasuwannin a 2014, adadin ya haura miliyan 21 a 2024, ya kai kusan miliyan 24 a 2025. Marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin ɗari a 2010 zuwa kusan kashi 8 a 2023. Sai dai lokacin da adadin masu rajista ya yi tsalle yana nuna dalili. Sashen rigakafi yana nan tun 2010, amma babban ƙarin ya zo ne bayan 2021, lokacin da majalisa ta ƙara tallafin biyan kuɗin wata, aka kuma tsawaita shi zuwa ƙarshen 2025. Ko da aka mayar da tarar da dokar ta ɗora wa marasa inshora zuwa sifili daga 2019, kasuwar ba ta rushe ba. Abin da ke sa mutum ya saya shi ne abin da zai fita daga aljihunsa a ƙarshen wata. Kuma tun da an wajabta rigakafi a kan kowane kamfani da ke cikin waɗannan kasuwanni, babu wanda zai iya cin kasuwar wani da shi.

Magana ta shida: "Kotu ta soke dokar." Ƙarya ne.

A Maris 2023 wani alƙalin tarayya a Texas, Reed O'Connor, ya yanke hukunci a shari'ar kamfanin Braidwood cewa yadda ake naɗa kwamitin ƙwararru ya saɓa wa tsarin mulki. Labarin ya bazu kamar an gama da dokar. An dakatar da aiwatar da hukuncin a faɗin ƙasa yayin ɗaukaka ƙara, kuma a ranar 27 ga Yuni, 2025, Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin kwamitin da rinjayen alƙalai 6 a kan 3. Hukuncin ya kuma jaddada cewa sakataren lafiya yana da ikon cire mambobin kwamitin da duba shawarwarinsu, don haka jerin ayyukan na iya canzawa da canjin gwamnati.

To, rigakafin yana rage kashe kuɗi?

Wani lokaci. Alluran yara suna dawo da fiye da abin da aka kashe a kansu. Amma yawancin gwaje-gwaje suna ƙara kuɗi, domin sai an gwada mutane da yawa kafin a gano mai cuta ɗaya. Masu goyon bayan dokar da suka yi alkawarin cewa za ta biya kanta sun wuce gona da iri. Hujjarta ta gaskiya ta fi wannan ƙarfi. Tun binciken da cibiyar RAND ta gudanar daga shekarun 1970 zuwa 1982 aka gano cewa idan aka sa mutane su cika kuɗi, sukan rage zuwa asibiti, har da zuwan da ya zama dole. Wanda ba ya jin ciwo shi ya fi saurin ɗage gwaji, ga shi hawan jini da sankarar hanji ba sa sallama kafin su shigo.

Sashen rigakafi bai kashe kasuwar inshora ba, bai kuma raya ta ba. Farashi da tallafi ne suka yi wannan aiki. Abin da ya yi shi ne cire kuɗi daga tsakanin mutum da gwajin da yake bukata, a kan ƙari kaɗan da kowa ya ɗauka. Duk mai inshora a Amurka ya nemi jerin ayyukan rigakafin tsarinsa, ya tabbatar likitansa yana cikin jerin kamfanin, ya faɗa tun wajen neman ranar ganin likita cewa gwajin rigakafi ya zo yi. Idan aka caje shi bisa kuskure, yana da damar ɗaukaka ƙorafi ga kamfanin, kuma dokar tana bayansa.