Shin Ko Kun San? Abin da Kumadugu Ke Ɗauke da Shi Ban da Ruwa

Duk wanda ya tsaya a gaɓar Kumadugu ta wajen Shetimari a watan Nuwamba, lokacin da kogi ya cika ya batse, zai ga injinan ban ruwa na ruri a gonakin tattasai, masunta na jan koma, mata na wanki, makiyaya sun kawo shanu mashaya, yara na iyo. Duka ruwa ɗaya ne. Yau filinmu ya leƙa abin da ido ba ya gani a cikin ruwa: ragowar magunguna da sinadarai, da abin da suke yi wa kifi da mai cin kifi.

Shin ko kun san ruwan da ke wucewa ta Shetimari ya taɓa ratsa bayan birnin Kano? Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya. Shi kuma ya gamu da na Jama'are a fadamun Haɗejiya da Nguru, ya bi ta Gashuwa da Gaidam da Damasak, ya zama iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kilomita wajen 150, sannan ya faɗa Tafkin Chadi ta yankin Bosso. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suna da hannu a yawan ruwan da ke iso mu.

Shin ko kun san majema na gargajiya da bagaruwa suke jeme fata, amma kamfanonin zamani da gishirin kuromiyam suke yi? Masana'antun fata da ke Challawa da Sharaɗa a Kano sun shafe shekaru ruwan dattinsu na gangarawa kogin Challawa, kuma masu bincike na jami'o'in Najeriya sun sha gano kuromiyam a ruwa da lakar wurin. Ƙarfe irin wannan ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka, ambaliya ta tayar da shi ta yi gaba.

Shin ko kun san Tafkin Chadi ba shi da mafita zuwa teku? Ruwan da ya shiga, ko dai rana ta shanye shi ko ƙasa ta tsotse. Rana kuwa ruwa zalla take ɗauka, ta bar abin da ya narke a ciki. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, a shekarun 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka.

Shin ko kun san Kumadugu na shayar da rijiyoyin da ke gefensa? Idan kogi ya kawo, wani kaso na ruwan yana nutsewa ƙasa, shi ne muke jawowa da guga da rani. Idan kuma ya janye ya bar tafkuna a kwarinsa, ruwa na raguwa amma gubar da ke ciki ba ta raguwa. Cokali ɗaya na maganin feshi a tafkin bazara ya fi kwalba guda a cikakken kogi ɓarna.

Shin ko kun san maganin da muka haɗiya ba ya ƙarewa a cikinmu? Da yawa daga cikin ƙwayoyi suna fita ta fitsari da bayan gida da sauran ƙarfinsu. Metformin, maganin ciwon suga, kusan yadda ya shiga haka yake fita. Haka allurar da aka yi wa saniya ko raƙumi: ragowarta na fita a kashi da fitsari, sau da yawa a bakin mashaya.

Shin ko kun san a 2022 masanan Jami'ar York ta Ingila sun fitar da sakamakon gwajin koguna 258 a ƙasashe 104? Magunguna 61 suka nema. A fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren da suka ɗebi ruwa, an sami maganin da yawansa ya kai ya cutar da halittun ruwa. Lahore ta Pakistan da La Paz ta Bolibiya da Addis Ababa ta Habasha ne suka fi ƙazanta. Waɗanda aka fi samu su ne maganin farfaɗiya carbamazepine, da metformin, da kafeyin na shayi da kofi.

Shin ko kun san an taɓa samun tramol a saiwar tafashiya? A 2013 wasu masana suka sanar cewa wannan itaciya, wadda masu maganin gargajiya suka daɗe da sani, tana haifar da tramadol, wato tramol, da kanta. Labarin ya zaga duniya. A 2014 wasu masanan daga Dortmund ta Jamus suka bi sawu zuwa arewacin Kamaru, suka tarar da wani abu dabam: manoma na shan ƙwayar don su jure aikin rana, suna kuma ba shanun huɗa. Fitsarin mutum da na dabba ya kai ta ƙasa, saiwa ta tsotsa. Sun same ta a ƙasar gona, a ruwan rafi, har a ruwan rijiya. Arewacin Kamaru maƙwabcinmu ne a kwarin Tafkin Chadi, kuma tramol ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shin ko kun san giram ɗaya na magani a cikin lita miliyan 200 ya isa ya kusa ƙarar da wani jinsin kifi? Daga 2001 zuwa 2003 masana a Kanada sun riƙa zuba sinadarin mata da ke cikin ƙwayar tazarar haihuwa a wani tafkin gwaji na lardin Ontariyo, daidai wannan gwargwado. Mazan wani ƙaramin kifi suka fara haɗa sinadarin ƙwai kamar mata, hayayyafa ta tsaya, jinsin ya kusa ɓacewa daga tafkin. Da aka daina zubawa, bayan 'yan shekaru kifin ya farfaɗo.

Shin ko kun san magani na canja halin kifi? A 2013 masanan Jami'ar Umea ta Suwidin sun nuna cewa kifin da ke zaune a ruwa mai ɗigon oxazepam, maganin kwantar da hankali, yakan bar garke, ya daina tsoro, ya ƙara haɗama. Kifin da ya bar 'yan'uwansa kuwa shi babban kifi ke fara cafkewa.

Shin ko kun san diclofenac, maganin ciwon jiki da ake sayarwa a faranti ranar kasuwa, shi ya kusa ƙarar da ungulu a Indiya? Ana yi wa shanu allurarsa, in sun mutu ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu jinsunan suka mutu, har Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi shi a 2006. Gwaji ya nuna yana lalata ƙodar kifi ma.

Shin ko kun san kogi na iya zama makarantar ƙwayoyin cuta? Idan ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta ya zauna a ruwa, raunana na mutuwa, masu taurin kai na yaɗuwa. A 2007 an auna ruwan dattin kamfanonin magani a Patancheru ta Indiya, aka sami ciprofloxacin har miligiram 31 a lita, fiye da abin da ke jinin majinyacin da ke shan sa. Mujallar Lancet ta ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba.

Shin ko kun san babbar ƙofar guba zuwa Kumadugu tana iya zama a bayan manomi? Tattasai shi ne jan zinaren yankinmu na Manga, kuma ƙwari ba sa raga masa, don haka feshi ya zama dole. A shago sai ka ji ana cewa, "Alhaji, ba ni mai ƙarfin, wanda ke kashewa nan take." Da la'asar an gama feshi, saurayi ya sauke injin daga bayansa, rigarsa sharkaf, ya tsuguna a bakin ruwa ya ɗauraye tankin, farin kumfa ya bi ruwa. Taku ashirin daga nan ƙanwarsa na cika jarka. Kwalbar da ta ƙare kuma a kai ta gida a zuba man gyaɗa ko kananzir. Magungunan ƙwari irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin suna kashe kifi a gwargwadon da hanci ba ya ji, harshe ba ya ɗanɗana.

Shin ko kun san akwai kwamitin da ke tantance maganin feshi wa ƙasashen Sahel? Yana ƙarƙashin ƙungiyar CILSS, mazauninsa Bamako, kuma Nijar na ciki. An hana endosulfan a ƙasashen a 2007, aka hana maganin ciyawa paraquat a 2011. Kwalbar da ba ta da lambar izini, ko wadda aka juye a robar lemo ba takarda, ba mai iya ce maka abin da ke cikinta.

Shin ko kun san Gamalin, wanda wasu ke zubawa a tafki kifi ya taso, sunansa na kimiyya lindane? An saka shi cikin jerin haramtattun sinadarai na Yarjejeniyar Stockholm a 2009, a 2015 kuma hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar yana jawo ciwon daji. Ba ya zaɓe: tarwaɗa da karfasa da 'ya'yansu da kwaɗi duk tafiya suke. Haka fiya-fiyar da ake yayyafa wa banda don hana tsutsa kafin a ɗaure kwali: daga kwali sai tukunyar miya.

Shin ko kun san irin wannan guba a kitse take taruwa? Ƙaramin kifi ya ci ƙwaron ruwa, babba ya ci ƙarami, giwan ruwa ya ci su duka, a kowane mataki tana ƙara yawa. An sha samun lindane da DDT a nonon mata masu shayarwa a ƙasashe da dama.

Shin ko kun san gidan sauro mai magani guba ne ga kifi? Deltamethrin ko permethrin da ke jikinsa suna kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro, amma in aka wanke shi a kogi ko aka mai da shi koma, ana shayar da kifi dafi. Ƙananan idanunsa kuma na kwashe 'ya'yan kifin baɗi.

Shin ko kun san takin zamani da ya wuce buƙatar shuka yana shaƙe ruwa? Yana ciyar da gansakuka, in ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, da asuba a tarar da su sun yi rigingine. A rijiya kuma yana zama naitiret. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka miligiram 50 a lita, domin fiye da haka na hana jinin jariri ɗaukar iska.

Shin ko kun san dabba ce ke fara kawo labari? A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Zamfara, ba wanda ya kula. Cikin watanni gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400. A Minamata ta Japan kuwa, kyanwoyi ne suka fara haukacewa bayan cin kifi mai zaiba, kafin a gano cutar a jikin mutane a 1956. Ruwa ba ya tsami banza.

Shin ko kun san ruwa garau na iya nakasa yaro? A Tibiri ta jihar Maraɗi, daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000, jama'a sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai fulorayid fiye da ninki uku na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da haƙora masu tsatsa. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa sinadarin ya fito, kuma gwajin ruwa ne kaɗai ke iya tona shi.

Shin ko kun san tafasa ruwa ba ya fitar da sinadari? Tafasawa da ƙwayar kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta, irin na kwalara da na ciwon hanta nau'in E da ya ɓarke a jihar Difa a watan Afrilun 2017 ya fi yi wa masu juna biyu ɓarna. Wannan dole ne, kada a bari. Amma dalma da fulorayid da naitiret suna nan daram a tukunya, ruwa na ƙonewa suna ƙara kauri. Alif ma laka kawai yake kwantarwa.

Shin ko kun san a Gashuwa, a saman wannan kogi namu, ciwon ƙoda ya yi yawan da ya sa gwamnatin jihar Yobe ta ɗauki nauyin bincike a kai? Ruwan sha da kifi da magungunan feshi na cikin abubuwan da masana ke dubawa.

Shin ko kun san doka ba ta yi shiru ba? Hukumar Tafkin Chadi, wadda Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru suka kafa ranar 22 ga Mayu 1964, ta amince da Yarjejeniyar Ruwa a 2012. Dokar ruwa ta Nijar ta 1 ga Afrilu 2010 kuma ta ɗora nauyin gyara a kan wanda ya gurɓata.

Jama'ar Shetimari da Gagamari da Difa da Geskeru da Bosso, wannan kogi shi ne gonarmu, shi ne randarmu. Manomi, ka ɗauraye kwalbar magani sau uku, ka juye ruwan a tankin feshi, ka huda ta kada ta shiga gida, ka wanke injinka nesa da kogi da rijiya. Masunci, ka bar Gamalin, ka bar wa gidan sauro aikinsa. Uwargida, maganin da ya lalace a mayar da shi asibiti, kada a watsa a kwata. Makiyayi, ka nemi malamin dabbobi kafin allura. Hukumomi kuma su riƙa auna ruwan kogi da na rijiyoyi kowace shekara, su karanta sakamakon a rediyo da Kanuri da Hausa da Fulatanci. Idan kuka wayi gari kuka ga kifi na mutuwa a tafki, kada ku ci, kada ku sayar, ku sanar da ma'aikatan muhalli da na lafiya a ranar.